Motar Tucker: Kotu Ta Wanke Mai Ita Bayan An Riga An Rufe Masana'anta

Ran 22 ga watan Janairu na shekarar 1950, wata kotun tarayya da ke birnin Chicago na ƙasar Amurka ta sallami wani mutum mai suna Preston Tucker tare da abokan aikinsa su bakwai, bayan an shafe wata uku da 'yan kwanaki ana yi musu shari'a a kan zargin damfarar jama'a. Ba a same su da ko ɗaya daga cikin laifuffuka 31 da gwamnati ta jera ba. Sai dai wannan hukunci ya zama ihu bayan hari, domin kuwa a ranar da aka yanke shi masana'antar Tucker tana kulle, ma'aikata sun watse, kuɗin masu hannun jari sun narke, kuma duk abin da kamfanin ya iya ƙerawa tun da aka kafa shi bai wuce motoci 51 ba.

A wajen kamfani kamar Ford, wanda ya fitar da motoci fiye da miliyan ɗaya ƙirar 1949, motoci 51 ba su kai aikin awa guda ba. Amma duk da haka har yau Amurkawa ba su daina gardama a kan waɗannan 'yan motoci ba. Waɗansu sun ce manyan kamfanonin birnin Detroit ne suka haɗa baki da 'yan siyasa suka danne wani mai fasaha wanda ya zo da abin da ya fi nasu. Waɗansu kuwa cewa suka yi mutumin ɗan kasuwar baki ne kawai, ya sayar wa jama'a mafarki. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, shi ya sa ya kamata a bi labarin daki-daki.

A cikin watan Fabrairu na 1942 gwamnatin Amurka ta tsayar da ƙera motocin hawa na farar hula, aka mai da masana'antu wajen yin tankokin yaƙi da jiragen sama. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai ga mutane da kuɗi a aljihu, motocinsu sun tsufa, sojoji kuma suna ta komowa gida suna aure suna neman abin hawa. Mutum kan rubuta sunansa a wajen dillali ya yi watanni yana jira. Manyan kamfanoni uku, watau General Motors da Ford da Chrysler, ba su ga dalilin wahalar da kansu ba: suka ɗauko ƙirar 1942 suka ɗan canza mata ado suka fito da ita kasuwa, aka yi ta wawaso. Wannan ita ce kafar da Tucker ya hango.

An haifi Preston Tucker a 1903 a jihar Michigan. Shi ba injiniya ba ne mai takardar jami'a. Ya yi aikin ɗan sanda, ya kuma daɗe yana dillancin motoci, sana'ar da ya fi gwaninta a kanta, domin Allah ya ba shi baki da iya shiga ran mutane. Sha'awar tseren motoci ta kai shi filin Indianapolis, inda ya ƙulla abota da Harry Miller, gwanin ƙera injunan tsere. A 1935 su biyun suka karɓi kwangilar yi wa Ford motocin tsere. Aikin ya zo a ƙurarren lokaci, aka yi shi cikin gaggawa, kuma duk motocin da suka shiga tseren sai da suka fice kafin a gama, saboda an dasa akwatin sitiyari kusa da bututun hayaƙi, zafi ya sa ya ƙage. Mai karatu ya riƙe wannan, domin halin nan na ɗaukar alkawari kafin a gama shiri shi ne ya bi Tucker har ƙarshe.

Motar da ya zayyana bayan yaƙi, wadda aka fara kira Torpedo kafin a mai da sunanta Tucker 48, ta saɓa wa duk abin da ke kan titin Amurka a lokacin. Injinta yana baya, kamar na Volkswagen ɗin nan da ake kira Bitil, wurin ajiye kaya kuma yana gaba. Doguwa ce mai faɗi, tana ɗaukar mutum shida a sake, amma tsayinta daga ƙasa bai wuce ƙafa biyar ba, saboda haka aka yanka ƙofofinta har cikin rufi don kada mai shiga ya buge kai. Alex Tremulis shi ne ya yi mafi yawan aikin fitar da siffarta. Tana da fitila ta uku a tsakiyar goshi, wadda kan juya tare da sitiyari ta haska wa direba kwana kafin ya shiga. A jihohi da dama doka ta hana mota ɗaukar fitilun gaba fiye da biyu, sai kamfanin ya yi wa ta tsakiyar murfi don waɗannan wurare.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tunanin da aka yi a kan ran wanda ke ciki. A zamanin da sauran kamfanoni ke ganin ambaton haɗari zai kori mai saye, Tucker ya lulluɓe allon gaban mota da abu mai taushi, ya tattara maɓallai kusa da sitiyari don kada su soki wanda ke zaune a gefen direba, ya bar wani fili a ƙasan allon inda mutum zai iya duƙawa in ya ga karo na zuwa. Gilashin gaba an yi shi ne yadda zai fice waje in an yi haɗari maimakon ya tarwatse a fuskar mutane. An kewaye jikin motar da ƙarfe mai ƙarfi, an kuma sa wani a cikin rufi saboda ranar da za ta kife. Ya yi tunanin kanikawa ma: inji da giya suna zaune ne a kan shimfiɗa guda wadda kusoshi shida ke riƙe da ita, nufinsa shi ne in mutum ya kawo gyara a sauke nasa injin cikin 'yan mintoci, a ɗora masa na aro ya ci gaba da harkarsa. Abin mamaki, motar ba ta da bel, domin an shawo kansa cewa bel zai sa mutane su zaci motar ba ta da aminci. Kuma ba dukkan dabarun ne nasa na farko ba, kamfanin Tatra na ƙasar Cekoslobakiya ya riga shi sa inji a baya da fitila a tsakiya tun kafin yaƙi. Amma haɗa su wuri guda a motar iyali ta Amurka, wannan kam sabon abu ne. Sai a 1968, shekara ashirin bayan haka, doka ta tilasta wa kowace sabuwar mota a Amurka allon gaba mai taushi.

Zane a takarda ba ya zama mota sai da masana'anta da jari, Tucker kuwa ba shi da ko ɗaya. A 1946 ya nemi gwamnati ta ba shi hayar wata makekiyar masana'anta a Chicago, inda kamfanin Dodge ya ƙera injunan jiragen yaƙi na B-29. Babban gininta kaɗai ya rufe fili fiye da eka 80. Aka ba shi bisa sharaɗin ya tara dala miliyan 15 kafin wa'adin da aka yanka masa. Yana cikin neman kuɗin sai wani babban jami'in gwamnati mai kula da gidaje ya nemi a ƙwace ginin a bai wa kamfanin Lustron, mai ƙera gidajen ƙarfe. Sai a farkon 1947 rigimar ta ƙare Tucker ya yi nasara, amma watanni masu daraja sun riga sun salwanta.

To, ina zai samo kuɗi? Bankuna ba su yarda da shi ba, ba shi kuma da wani attajiri a bayansa. Saboda haka ya juya ga jama'a. Ya fara sayar da izinin dillanci, mutane kusan 2,000 suka biya ko suka yi alkawarin biyan dubban daloli kowannensu don su zama dillalan motar da ba a ƙera ba tukuna. Sa'an nan ya sayar da hannun jari a kan dala 5 kowane ɗaya, ya samu fiye da dala miliyan 15, akasari daga hannun masu ƙaramin ƙarfi. Watau tun daga tushe kamfanin a kan amincewar jama'a yake tsaye. Muddin mutane sun gaskata motar tana nan zuwa, kuɗi za su ci gaba da shigowa. Ranar da suka fara shakka, babu wata rijiyar da za a koma a ɗebo.

Don ya ƙarfafa wannan amincewa, Tucker ya sa ranar 19 ga Yuni, 1947, domin nuna motar gwaji ta farko, wadda ma'aikata suka ƙera da hannu suka kuma yi mata laƙabi da Tin Goose. Mutane fiye da 3,000 suka hallara. Abin da ba su sani ba shi ne, kafin a buɗe labule ƙarafan da ke riƙe da ƙafafunta sun karye saboda nauyi, kanikawa suna ta fama a bayan fage. Injin da ke cikinta wani ƙato ne na gwaji, mai wuyar tashi, mai ƙara kamar tsawa, har aka bar shi a kunne tun daga farkon biki aka kuma umarci 'yan badujala su ƙara sauti don su rufe rugugin. Duk da haka da aka fito da ita jama'a suka ruɗe da tafi, domin kyau kam tana da shi. Sai dai wannan mota ta gwaji ba ta da giyar komawa baya. Labarin ya fita, kuma ko da yake an gyara matsalar a motocin da suka biyo baya, sunan motar da ba ta yin ribas ya manne wa kamfanin har ya mutu.

A nan ya kamata a yaba wa injiniyoyinsa. Da suka ga injin farko ba zai kai su ko'ina ba, sai suka jefar da shi suka ɗauko injin Franklin mai silinda shida, wanda aka yi domin jirgin sama mai saukar ungulu. Iska ce ke sanyaya shi, suka mai da shi mai amfani da ruwa, ya ba da ƙarfin doki 166, motar kuma ta riƙa kai wajen mil 120 a awa. Tucker bai tsaya sayen injuna ba, kamfanin da ke yin su, Aircooled Motors na jihar New York, shi ya saye ɗungurungum a kan dala miliyan 1.8. Giya kuwa, sai da aka bi wuraren sayar da tsofaffin motoci ana ciro na wata mota mai suna Cord, wadda aka daina yi tun 1937, ana gyarawa ana sa wa motocin farko kafin kamfanin ya ƙera nasa. Birkin faifai da waɗansu dabarun da aka yi ta tallatawa a jaridu duk aka jingine su. Motar ta zama ta gaske, amma ba ita ce daidai wadda aka kwatanta wa masu hannun jari ba, kuma wannan bambanci shi ne lauyoyin gwamnati suka riƙe daga baya.

Ƙarfe ya zama wata masifar. Bayan yaƙi yana da ƙaranci, masu sayarwa kuma sun fi son tsofaffin abokan cinikinsu. Sau biyu Tucker ya nemi sayen masana'antun narka ƙarfe da gwamnati ta sa a kasuwa, sau biyu aka hana shi. A Majalisar Dattijai kuma akwai Sanata Homer Ferguson, wakilin jihar Michigan inda manyan kamfanonin suke, wanda ya sa kamfanin Tucker a gaba da tambayoyi. A cikin gida ma ba a zauna lafiya ba, domin tun a 1947 shugaban daraktocin kamfanin, Harry Toulmin, ya yi murabus, ya kuma rubuta wa hukumar kula da cinikin hannun jari ta Amurka, wadda ake kira SEC, yana sukar yadda ake tafiyar da al'amura.

Da kuɗi suka fara ƙarewa a 1948, sai Tucker ya fito da wata dabara wadda ita ce ta jawo masa. Ya ce duk mai son a tabbatar masa da gurbi a layin masu jiran mota, to, ya sayi kayanta tun yanzu: akwatin rediyo, da rigunan kujeru, da akwatunan tafiya waɗanda aka yi daidai wurin kayan motar. Mutane suka saya, aka tara wajen dala miliyan 2. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Mutum yana da rediyon mota a ɗaki, motar kuwa tana cikin alkawari. Ko da niyyar mai sayarwa tsarkakakkiya ce, babu hukumar da za ta ga haka ta kau da kai.

A watan Yuni na 1948 wani shahararren ɗan jarida mai suna Drew Pearson ya faɗa a gidan rediyo cewa SEC tana binciken kamfanin. Nan da nan darajar hannun jari ta zube, masu ba da kaya bashi suka ce sai kuɗi hannu, dillalai suka fara kai ƙara. Hukumar ta buƙaci takardun kamfanin, aiki ya tsaya, aka sallami mafi yawan ma'aikata. Tucker ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridu yana zargin cewa akwai masu ƙarfi a cikin masana'antar motoci da ke yi masa zagon ƙasa, har da dasa 'yan leƙen asiri a cikin ma'aikatansa. A wannan shekara ce aka kai waɗansu motocin filin Indianapolis domin gwajin juriya. Ɗaya ta kife tana gudun wajen mil 95 a awa, ta yi ta mirginawa, gilashin gaba ya fice kamar yadda aka tsara, direban ya fito da 'yan ƙujewa kawai, aka canza taya aka tuƙa ta aka bar wurin. Motar ta cika alkawarinta a lokacin da babu mai sauraro. Motoci 37 aka kammala kafin a rufe masana'anta, waɗansu ma'aikata masu amana suka tsaya suka harhaɗa ƙarin 13. A watan Maris na 1949 kotu ta ɗora masu riƙon ƙwarya a kan dukiyar kamfanin, a cikin watan kuma rahoton SEC, wanda na sirri ne, ya bayyana a jaridar Detroit News. A watan Yuni aka tuhumi Tucker da mutanensa.

An fara shari'ar a watan Oktoba na 1949. Gwamnati ta kira shaidu 73, da nufin nuna cewa Tucker bai taɓa yin niyyar ƙera mota ba, kuɗin jama'a kawai yake so. Amma da lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka yi wa shaidun tambayoyi, sai da yawansu suka amsa cewa lalle an yi aiki tuƙuru, motocin kuma suna nan suna tafiya. Da aka zo kan masu kare kai, sai suka ce ba za su kira shaida ko ɗaya ba, domin babu laifin da aka tabbatar balle a kare. Hujjarsu ita ce, wanda ya yi ƙoƙari ya kasa ba ɗaya yake da wanda ya yi niyyar cuta ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka yarda da haka.

Saura tambayar da ta fi wuya: da an bar shi, zai kai labari? Mai son amsa ya dubi Henry Kaiser, attajirin da ya ƙera ɗaruruwan jiragen ruwa lokacin yaƙi. Shi da Joseph Frazer sun kafa kamfanin motoci a 1945, sun tara fiye da dala miliyan 50 daga masu hannun jari, sun sayar da dubban ɗaruruwan motoci, gwamnati kuma ta ba su rancen dala miliyan 44 a 1949, shekarar da take gurfanar da Tucker. Duk da haka a 1955 Kaiser ya daina ƙera motocin hawa a Amurka. Tsofaffin kamfanoni masu zaman kansu ma ba su tsira ba. Da Ford da Chevrolet suka shiga yaƙin karya farashi a 1953, Hudson da Nash dole suka haɗe a 1954, sunan Packard ya ɓace a 1958, Studebaker kuma ya rufe a 1966. Jimlar abin da Tucker ya tara bai kai rabin abin da ya ratsa hannun Kaiser ba. Farashin dala 2,450 da ya yi alkawari ya yi wa mai sayen Ford tsada, kuma da wuya ya biya abin da za a kashe wajen ƙera irin wannan mota. Bugu da ƙari, kafar da ya hango ta fara rufewa tun a tsakiyar 1948, lokacin da Ford ya fito da sabuwar ƙira. Duk alamu sun nuna cewa ko ba SEC, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Amma wannan bai wanke gwamnati ba. Ba a taɓa tabbatar da cewa manyan kamfanoni uku sun ƙulla makirci ba, kuma ga alama ba su da buƙatar yin haka. Abin da ya tabbata shi ne, hukumar da aka kafa domin kare masu hannun jari ta bar labarin bincikenta ya fita kafin a tuhumi kowa, alhali kuwa ta san kamfanin ba shi da wani jari sai yardar jama'a. Waɗanda suka yi asara su ne mutanen da ake cewa ana karewa: masu hannun jarin dala biyar-biyar, da dillalan da suka gina shaguna suna jiran kaya, da ma'aikata. Da kasuwa ce ta kashe kamfanin, da ba mai ƙorafi. A nan kuwa an hana shi damar ya gwada ya faɗi da kansa.

Lauyan gwamnati da ya jagoranci ƙarar, Otto Kerner, ya ci gaba ya zama gwamnan jihar Illinois daga 1961 zuwa 1968, daga nan ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. A 1973 aka same shi da laifi a kan wata badaƙalar hannun jarin filin sukuwa, cikin laifuffukan har da zamba ta hanyar gidan waya, irin tuhumar da ya yi wa Tucker, aka kuma ɗaure shi.

Shi kuwa Tucker, an yi gwanjon kayan masana'antarsa a 1950. Ya koma yana zirga-zirga zuwa ƙasar Birazil, inda ya yi ta neman masu zuba jari a kan wata sabuwar mota da ya sa wa suna Carioca, amma ba a kai ga ƙera ta ba. Ciwon daji na huhu ya kashe shi ran 26 ga Disamba, 1956, yana da shekara 53. A 1988 Francis Ford Coppola, wanda shi kansa ya mallaki irin motar, ya yi fim a kan rayuwarsa. Daga cikin motocin 51, guda 47 sun tsira, waɗansu a gidajen tarihi, waɗansu a hannun masu tara tsofaffin motoci, kuma a 2012 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 2.9. Ginin Chicago kuwa, bayan Ford ya yi amfani da shi wajen ƙera injunan jiragen sama, an raba shi: wani sashe ya zama kasuwar kantuna, wani kuma masana'antar alewa.